Idan Allah ya riga ya yi alkawari, me addu'ata za ta ƙara?

Wata 'yar'uwa cikin Ubangiji ta rubuto da tambaya mai rassa biyu. Na farko: tun da Allah ba ya ƙarya, kuma abin da ya faɗa sai ya tabbata, mene ne amfanin roƙonsa abin da ya riga ya ce zai yi? Na biyun shi ne ke hana ta barci. Ƙanenta, wanda shi ma mai bi ne, ya yi jinya har shekara biyu. Ta riƙe Yohanna 14:14, inda Yesu ya ce abin da muka roƙa cikin sunansa zai yi, ta haɗa da azumi da kwanan zaune, amma yaron ya rasu. Wasu suka gaya mata wai bangaskiyarta ce ta kasa. Ta ce tun daga lokacin, in ta durƙusa sai bakinta ya yi nauyi, ta rasa abin da za ta ce wa Allah.

'Yar'uwa, sannu da wannan babban rashi. Ubangiji ya ta'azantar da ke da dukan gidanku. Kafin mu buɗe nassi, bari in sauke miki kayan da aka ɗora miki ba gaira ba dalili: rasuwar ƙanenki ba sakamakon ƙarancin bangaskiyarki ba ce. Zan kawo hujjata a gaba, amma ba na so ki karanta sauran amsar nan da wannan dutse a ƙirjinki.

Mu fara da reshe na farko, don a kansa na biyun ya rataya.

A lissafin ɗan Adam, abin da ya tabbata ba ya bukatar roƙo. Bayin Allah na Littafi Mai Tsarki kuwa ba haka suka lissafa ba. Dubi Daniyel. An kwashe shi zuwa Babila yana saurayi, wajen shekara ta 605 kafin haihuwar Almasihu. Babila ta faɗi a hannun Farisawa a 539, lokacin kuwa ya zama tsoho tukuf. A sura ta 9 ta littafinsa mun same shi yana nazarin maganar annabi Irmiya, sai ya ci karo da adadin da aka yanka wa kangon Urushalima: shekara 70. Duk mai iya ƙirga zai ga wa'adin ya zo gab da cika. Ga alkawari a rubuce, ga lokaci ya yi, ga daular da ta tsare su ta rushe. In akwai ranar da mutum zai naɗe hannu ya jira, ai ranar ce. Amma tsohon nan sai ya sa tsummoki, ya shiga toka, ya ɗauki azumi, ya yi ɗaya daga cikin addu'o'i mafi zafi a Tsohon Alkawari. Mafi yawanta furta zunubi ce, nasa da na jama'arsa. A ƙarshe roƙon ya koma gajeru gajeru kamar na mai haki: Ubangiji ka ji, Ubangiji ka gafarta, Ubangiji ka kasa kunne ka aikata, kada ka yi jinkiri, saboda sunanka.

Me ya gani da ya kai shi ƙasa haka? Buɗe Irmiya 29 ki duba da kanki. Aya ta 11 kusan kowane mai bi ya haddace ta, wadda ke cewa Allah ya san nufin da yake da shi dominmu, nufin salama ba na masifa ba. Amma tana tsakanin maƙwabta biyu da ba a cika kula da su ba. Aya ta 10 ita ce ta ambaci shekara 70 da komowa gida. Aya ta 12 kuma ta ce sa'an nan za ku kira ni, ku zo ku yi addu'a gare ni, ni kuwa zan ji ku. Ashe addu'ar ma tana cikin alkawarin. Allah ya yi alkawarin komowa, ya kuma yi alkawarin kukan da zai riga komowar. Saboda haka ran da Daniyel ya durƙusa, maganar Irmiya ta fara cika a ɗakinsa tun ƙafar kowa ba ta taka hanyar Urushalima ba. Haka yake a Ezekiyel 36. Allah ya jero abubuwan da zai yi da bakinsa: zan yayyafa muku ruwa mai tsabta, zan ba ku sabuwar zuciya, zan sa Ruhuna a cikinku, za a sāke gina kufai. Da ya kai aya ta 37 sai ya ce zai bar gidan Isra'ila su roƙe shi ya yi musu wannan.

Wanda nake yawan tsayawa a kansa shi ne Iliya. A 1 Sarakuna 18:1 Allah ya gaya masa baro-baro: je ka nuna kanka ga sarki Ahab, zan aiko da ruwan sama. Farin ya kai shekara uku da wata shida, kamar yadda Yakubu 5:17 ya faɗa. Bayan abin da ya faru da annabawan Ba'al, Ahab ya tafi ci da sha, Iliya kuwa ya hau ƙwanƙolin Dutsen Karmel, ya sunkuya har ƙasa, ya cusa fuskarsa tsakanin gwiwoyinsa. Ya ce wa baransa, je ka duba wajen teku. Ya je ya dawo, ya ce babu komai. Koma. Ya dawo, babu komai. Ki auna tafiya ta biyar da ta shida: sama fes, ƙasa a tsattsage, bara ya gaji da hawa da sauka, annabi kuwa bai ɗaga kai ba. A ta bakwai ne bara ya ce ga wani ɗan girgije kamar tafin hannun mutum yana tasowa daga teku. Me ya riƙe Iliya a durƙushe har sau bakwai? Maganar aya ta 1 ce. Da zato kawai yake yi, da tun a karo na biyu gwiwarsa ta yi sanyi. Alkawari ne ke ba addu'a dogon numfashi.

Almajirai ma haka. Yesu ya ce su zauna a Urushalima su jira alkawarin Uba, sai su wajen 120 suka duƙufa ga addu'a har ranar Fentikos ta zo.

To don me Allah ya tsara abin haka? Dalili na farko shi ne, wanda ya ƙaddara masauki shi ya ƙaddara hanya. A Ayyukan Manzanni 27, jirgin ruwa ɗauke da mutum 276 ya shiga guguwa, mala'ika ya tabbatar wa Bulus ba wanda zai rasa ransa. Duk da haka, da matuƙan suka so su sulale a ƙaramin kwalekwale, Bulus ya ce wa jarumin soja, in mutanen nan ba su tsaya a jirgin ba, ba za ku tsira ba. Sojoji suka yanke igiyoyin. Maganar mala'ika gaskiya ce, gargaɗin Bulus ma gaskiya ne, domin tsayawar matuƙan tana cikin hanyar da Allah ya shirya ya cika maganarsa. Addu'a ma matsayinta ke nan.

Dalili na biyu ya fi zurfi. Martin Luta, jagoran gyaran ikkilisiya a Jamus, a ƙaramin katekisim ɗinsa (littafin koyar da bangaskiya) na 1529, da ya zo bayanin "Mulkinka ya zo" na Addu'ar Ubangiji, ya ce mulkin Allah zai zo ko ba mu roƙa ba, amma muna roƙo ne ya zo gare mu mu ma. Tun kafin shi da sama da shekara dubu, Agustin, wani bishop a Arewacin Afirka, ya rubuta wa wata gwauruwa mai suna Proba wasiƙa a kan addu'a, bayan ta gudo daga Roma da aka ci birnin a 410. Ya gaya mata Allah ba ya bukatar mu sanar da shi bukatunmu, gama ya san su, sai dai yana so marmarinmu ya ƙaru ta wurin roƙo, zuciya ta faɗaɗa har ta iya ɗaukar abin da yake shirin bayarwa. Ni dai ban ga wanda ya faɗe shi fiye da haka ba. Kyautar da ta faɗo wa mutum yana barci takan wuce bai san hannun da ya miƙo ta ba. Wadda ya roƙa da hawaye kuwa, in ta zo, takan zo masa tare da sanin Mai bayarwa.

Ki tuna yadda yaro yakan kama gefen rigar ubansa ya ɗaga kai ya ce, "Baba, ai ka ce." Uban kirki ba ya jin haushin wannan magana. Ta nuna masa yaron ya ji, ya adana, ya kuma ɗauki ubansa a matsayin wanda maganarsa ba ta faɗuwa ƙasa banza. Manyan addu'o'in Littafi Mai Tsarki, in kika tuɓe su, abin da za ki tarar a ciki ke nan. Yakubu a Farawa 32 ya ji wansa Isuwa na tafe da mutum 400, shekara 20 bayan ya ƙwace albarkar wansa da zamba ya gudu. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Ba shi da wani halin kirki da zai ɗaga wa Allah, shi da kansa ya ce bai cancanci ko kaɗan daga alherin da aka yi masa ba, da sanda kaɗai ya haye Urdun. Ya faɗi tsoronsa a fili. Amma a farkon addu'ar da ƙarshenta ya kafa ƙafa a wuri ɗaya: kai ne ka ce in koma ƙasata, kai ne ka ce za ka yi mini alheri. Musa ma, da jama'a suka yi ɗan maraƙin zinariya, bai kawo wa Allah wani uzuri dominsu ba, ya ce ka tuna da Ibrahim da Ishaku da Isra'ila waɗanda ka rantse musu da zatinka. Dawuda kuwa ya fito da sirrin a fili a 2 Sama'ila 7. Bayan annabi Natan ya kawo masa saƙon cewa Allah ne zai gina masa gida, ya shiga ya zauna a gaban Ubangiji ya ce, ka yi yadda ka faɗa. A aya ta 27 ya ƙara da cewa, saboda ka bayyana wa bawanka wannan, shi ya sa bawanka ya sami ƙarfin zuciyar yin wannan addu'a. Wane ne ƙura da toka da zai buɗe baki a gaban Mahalicci? Alkawarin ne ya ba shi baki.

Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Abin tambaya shi ne, a kan wa kayan yake? Nan ne amsar reshe na biyu ta fara. A Farawa 15 Allah ya sa Ibrahim ya kawo karsana da akuya da rago, ya tsaga su biyu biyu, ya jera. A zamanin, masu ƙulla alkawari sukan ratsa tsakanin tsagin naman, alamar cewa abin da ya sami dabbar ya sami wanda ya karya, kamar yadda Irmiya 34:18 ya nuna. Da rana ta faɗi, barci mai nauyi ya kwashe Ibrahim, sai tanderu mai hayaƙi da wuta mai ci suka ratsa tsakani. Ibrahim bai ratsa ba. Allah ne ya ɗauki kayan a kansa. Ibraniyawa 6 ta ce da yake babu wanda ya fi shi girma da zai rantse da shi, sai ya rantse da kansa. Shi ya sa ƙarfin addu'a yana ga amincin wanda ya yi magana, ba ga zafin zuciyar mai roƙo ba. Bulus ya ce a 2 Korintiyawa 1:20, dukan alkawaran Allah a cikin Almasihu suka sami "i" ɗinsu, ta wurinsa kuma muke cewa Amin. Kalmar Amin ɗin nan daga Ibrananci take, tushenta ɗaya da aminci da amana da muke faɗa kullum, ma'anarta abin ya tabbata, ana iya jingina da shi.

Yanzu ki auna maganar da aka gaya miki da wannan ma'auni. A Markus 9 wani uba ya kawo ɗansa yana cewa na ba da gaskiya, ka taimaki rashin bangaskiyata. Bangaskiya mai ɗingishi ke nan, aka kuwa warkar da yaron. A Ayyukan Manzanni 12 ikkilisiya ta taru tana addu'a domin Bitrus da ke kurkuku. Mala'ika ya fito da shi, ya zo yana ƙwanƙwasa ƙofa, yarinyar gidan mai suna Roda ta ruga ta faɗa musu, sai suka ce mata kin haukace. Mutanen da ko amsar addu'arsu ba su yarda da ita ba, su aka amsa wa. A farkon wannan sura ɗin kuma, Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yohanna da takobi. Ikkilisiya ɗaya, sarki ɗaya, sura ɗaya: an kuɓutar da manzo ɗaya, an sare ɗaya. Luka bai ce bangaskiyar wani ce ta gaza ba, wanda kuma ya faɗa miki haka a kan ƙanenki ya faɗi abin da nassi bai ba shi izinin faɗa ba. Tsakani da Allah, cikin koyarwar da na ga ta raunata masu bi, kaɗan ne suka kai wannan mugunta, domin takan sami mutum a kwance cikin makoki ta ƙara masa da tuhuma.

To mene ne Yesu ya yi alkawari a Yohanna 14:14? Ki lura da "cikin sunana". Suna a nan iko ne da wakilci. Manzon da aka aika da sunan sarki yana neman abin da sarkin ya aike shi ne, ba ya ɗaukar sunan ya je ya biya bukatar kansa da shi. Aya ta 13 ta faɗi manufar, wato a ɗaukaka Uba ta wurin Ɗan. Yohanna 15:7 ta sa sharaɗin mu zauna a cikinsa, maganarsa kuma ta zauna a cikinmu. Manzon da ya rubuta waɗannan shi ya fassara su a 1 Yohanna 5:14: in mun roƙi wani abu bisa ga nufinsa, yana jinmu. Kada kuma ki manta da daren da aka yi maganar. A wannan daren ne shi mai alkawarin ya faɗi rubda ciki a Getsamani, ya roƙa har sau uku a ɗauke masa ƙoƙon, ya ce duk abu mai yiwuwa ne a gare ka, amma ba nufina ba, sai naka. Ba a ɗauke ƙoƙon ba. Wa zai ce Ɗan Allah ya gaza bangaskiya? Bulus ma sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherina ya ishe ka. Mutumin da Allah ya warkar da marasa lafiya ta hannunsa, shi ne ya rubuta a 2 Timoti 4:20 cewa ya baro Tarofimas a Militas ba shi da lafiya.

A nan dole mai bi ya koyi rarrabewa, don ba kowace aya mai daɗi ba ce alkawarin da aka yi masa. Akwai abin da aka faɗa wa mutum ɗaya a lokacinsa, kamar ƙarin shekara 15 da aka yi wa sarki Hezekiya a 2 Sarakuna 20. Wannan yana koya mana halin Allah, amma ba takarda ba ce da kowane majinyaci zai miƙa. Akwai Karin Magana, waɗanda ke bayyana yadda rayuwa ta saba tafiya, ba rantsuwa ba ce a kan kowane gida. Akwai kuma ayar da aka fizge daga mazauninta. Iblis da kansa ya ja wa Yesu Zabura 91 a kan ƙwanƙolin Haikali, ya ce ai a rubuce yake mala'iku za su tallafe ka, sai ka dira. Ayar gaskiya ce, amfanin da aka yi da ita ne na ɓata. Yesu ya amsa da Maimaitawar Shari'a 6:16, kada ka gwada Ubangiji Allahnka. Duk lokacin da muka ɗauki aya muka mai da ita igiyar ɗaure hannun Allah ya bi shirinmu, mun bar sahun Dawuda mun koma kan ƙwanƙolin Haikali.

Sa'an nan akwai alkawaran da aka yi wa kowane mai bi, a kowane zamani, ba lauje cikin naɗi. In mun furta zunubanmu, shi mai aminci ne mai adalci, zai gafarta. Wanda ya rasa hikima ya roƙa, za a ba shi. Uba zai ba da Ruhu Mai Tsarki ga masu roƙonsa. Wanda ya zo wurin Yesu ba zai kore shi ba. Ba zai bar mu ba, ba zai yashe mu ba. Zai tashe mu a ranar ƙarshe. A kan waɗannan ba a cewa "in ka yarda", gama ya riga ya yarda, da jini kuma aka hatimce su. Abin da na lura da shi cikin shekarun da na yi ina zama da masu bi shi ne, mun juya abin a bai-bai. Za ki ga mutum yana da tabbaci kamar dutse a kan aiki ko aure ko waraka da ba a yi masa alkawarinsu da suna ba, amma in aka zo kan gafarar zunubin da ya tuba tun shekara goma, wadda aka rubuta masa ƙarara, sai ya yi ta kokwanto. Inda Allah ya yi shiru mun cika baki, inda ya rantse kuma muna rawar zuciya.

Kada ki ɗauka ina cewa kin yi kuskure da kika roƙa wa ƙanenki lafiya. Ko kusa. Filibiyawa 4:6 ta ce a cikin kowane abu mu kai roƙonmu ga Allah, Yakubu 5 ta ce a kira dattawan ikkilisiya su yi wa marar lafiya addu'a, Allah kuma yana warkarwa har yau. Inda babu alkawari na musamman, muna roƙo ne bisa halinsa, da dukan ƙarfinmu, kamar kuturun da ya ce in ka yarda kana da ikon tsarkake ni. Abokan Daniyel uku a bakin tanderu sun haɗa duka biyun a numfashi ɗaya: Allahnmu yana da ikon cetonmu, amma ko da bai yi ba, ba za mu yi wa gunkinka sujada ba. "Ko da bai yi ba" ɗin nan ba ƙofar gudu ba ce ga mai shakka. Maganar mutanen da suka riga suka miƙa wuyansu ce. Abin da ayar Filibiyawa ta yi alkawari a fili bayan roƙon shi ne salamar Allah da ta fi gaban ganewa za ta tsare zuciya. Wannan kina da ikon nemanta yau, kina cewa ai ka ce.

Sai batun lokaci, wanda ba zan daɗe a kansa ba. Ibrahim yana da shekara 75 aka kira shi, yana da 100 aka haifi Ishaku. A tsakani, yana da 86, gaggawa ta haifar masa da Isma'ilu da rikicin gida. Monika, mahaifiyar Agustin, ta yi kuka ta roƙi Allah kada ɗanta ya tafi Roma, don tana tsoron zai ƙara lalacewa. Ya yaudare ta ya shiga jirgi da dare a 383. Tafiyar nan ce ta kai shi Milan, inda ya ji wa'azin Ambros, bishop na birnin, aka yi masa baftisma a 387. Daga baya shi da kansa ya rubuta cewa Allah ya ƙi abin da ta roƙa a ranar domin ya ba ta abin da take roƙo kullum. Ibraniyawa 11 kuma ta faɗi abin da ya fi wannan nauyi: waɗannan duka sun mutu cikin bangaskiya ba su karɓi abin da aka alkawarta ba, daga nesa suka hango shi suka yi masa maraba. Wasu alkawaran kabari ba ya yanke su, ƙetare shi suke yi.

Na taɓa zama a bakin gadon wani dattijo mai bi a kwanakinsa na ƙarshe. An yi ta addu'ar waraka, jiki kuwa sai ƙara narkewa yake. Wata rana ya nuna mini Littafinsa da ido, don hannu ba ya ɗaguwa, ya ce in karanta masa Yohanna 14 daga farko. Da na kai aya ta 3, inda Yesu ya ce zai komo ya ɗauke mu zuwa wurinsa, sai ya motsa yatsa in dakata. Ya rufe ido, leɓensa a bushe, muryar da ƙyar take fita, ya ce, "Ubangiji, kai ka ce za ka zo ka ɗauke ni. Ga ni nan." Iyakar addu'ar ke nan. Sura ɗaya ce da wadda kika riƙe, 'yar'uwa, aya 10 kawai ke tsakani. Ƙanenki mai bi ne, aya ta 3 ta cika a kansa. Jikin da kika yi wa kuka kuma ba a gama maganarsa ba, gama 1 Korintiyawa 15 ta ce abin da aka shuka cikin rauni za a tashe shi cikin iko. Warakar da kika roƙa tana cikin alkawari, ranarta ce ba a ba mu ikon zaɓa ba.

Game da bakinki da ya yi nauyi, kada ki tilasta wa kanki kalmomin da ba ki da su. Romawa 8:26 ta ce ba mu san yadda ya kamata mu yi addu'a ba, amma Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su faɗuwa. Kuma Allah ya ajiye wa masu irin ciwonki kalmomi a cikin Littafinsa. Marubucin Zabura 89 ya yi aya 37 yana yabon alkawarin da aka yi wa Dawuda, sa'an nan ya juya ya ce amma ka yashe shi, har ya tambaya a aya ta 49, ya Ubangiji, ina ƙaunarka ta dā wadda ka rantse wa Dawuda? Ba a share wannan tambaya daga nassi ba, an sa ta cikin waƙoƙin sujada. Mai cewa "ina alkawarinka?" har yanzu yana magana da Mai alkawarin ne.

Shawarata ita ce ki fara daga Yohanna 11, domin labarin 'yan'uwa mata ne da suka aika wa Yesu saƙo ɗan'uwansu ba shi da lafiya, ya yi jinkiri, ɗan'uwan ya mutu. Marta ta tarye shi a hanya ta ce, Ubangiji, da kana nan da ɗan'uwana bai mutu ba. Maryamu ta faɗi a ƙafafunsa ta maimaita maganar kalma da kalma. Bai tsawata wa ko ɗayarsu ba, bai ce bangaskiyarsu ce ta gaza ba. Marta ya ba ta alkawari, ɗan'uwanki zai tashi, sa'an nan ya ba ta kansa, ni ne tashin matattu da rai. Maryamu kuwa, da ya ga hawayenta, kuka ya yi tare da ita. Yau da dare ki buɗe wurin, ki karanta a hankali da murya, in kin kai aya ta 21 ki faɗa masa maganar Marta da bakinki, ki sa sunan ƙanenki a ciki. In kin kai aya ta 35 kuka ya zo miki, kada ki tsayar da shi. Ki bar Littafin a buɗe, gobe ki ɗora daga aya ta 36.